Yadda ake bincikar jiƙon tsirrai da na'urar LC-MS: misali da zoɓo

Jiƙon ganye, ko na saiwa, ko na ɓawon itace, taron sinadarai ne a kwalba ɗaya: sukari, asid iri-iri, launuka, mai, da 'yan sinadaran da ake zaton su ne ke aikin magani. Abin da ke gaban mai bincike shi ne ya raba wannan taro, ya san wane ne wane. LC-MS na'urori biyu ne aka haɗa baki da baki don wannan aiki. Ta farko, kiromatogirafi na ruwa, tana tura jiƙon ta cikin siririn bututu cike da ƙananan ƙwayoyi, sinadaran su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda kowanne ya maƙale a hanya. Asalin dabarar daga Mikhail Tsvet ne, masanin tsirrai na Rasha, wanda a farkon shekarun 1900 ya raba launukan ganye a bututun da ya cika da garin alli. Ta biyu ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ce: duk abin da ya fito daga bututu sai ta ɗora masa caji ya zama ayon, ta auna shi, in an buƙata ta farfasa shi ta auna gutsattsarin. Gadar da ke tsakaninsu ita ce feshin lantarki, ESI, wanda a kansa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002.

Tun daga farko ka riƙe cewa lamba na'urar take bayarwa, wato m/z, nauyi a raba da yawan caji. Sa wa lambar suna aikinka ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Za mu bi aikin da zoɓo, don a cikinsa akwai tarkon da ke nuna haka ƙarara.

Shirya samfur

Ka fara da tabbatar da tsiron. A kai reshe mai ganye da fure ɗakin adana tsirrai na jami'a, a ba shi lambar shaida, ka rubuta inda aka ɗebo shi da ranar. Sunan gargajiya ɗaya kan hau tsirrai biyu ko uku, kuma sakamakon da ba a san tsironsa ba ba shi da wanda zai iya maimaita shi.

A shanya a inuwa, ko a tanda da zafinta bai wuce digiri 40 ba. Rana da zafi suna lalata antosayanin, jan launin zoɓo. A niƙa ya yi laushi, a auna miligiram 50 a ƙaramar kwalbar gwaji ta mililita 2, a zuba mililita 1 na metanol kashi 80 cikin 100 da ruwa kashi 20. Ga yawancin ganyaye ana ƙara asid fomik kashi 0.1 cikin 100. Ga zoɓo a kai shi kashi 1, domin antosayanin ba ya zama a siffarsa mai ja sai cikin tsami sosai. A girgiza, a sa a bahon girgiza da sauti na minti 15, a jefa ƙanƙara a ruwan bahon in ya fara ɗumi. A juya a santirifuj na minti 10 a ƙarfin juyi kusan 13,000 g, a ɗebe ruwan sama, a tace da matatar sirinji mai ƙofa maikromita 0.22. Ta PTFE mai karɓar ruwa ta fi. Ta nailan tana riƙe sinadaran fenol, sai ka ga sun ragu ba tare da sanin dalili ba.

Kada ka yi allurar wannan ruwa cikin na'ura yadda yake. Ka sirka shi da ruwa mai asid, kashi 1 nasa cikin 10. Dalilai biyu ne. Na ɗaya, ya yi kauri: samfur mai yawa yana cika bututu, yana ɓata bakin na'ura. Na biyu, metanol kashi 80 ya fi ruwan da ke cikin bututu ƙarfi a farkon aiki, sai ya kwashi sinadaran da ke fitowa da wuri ya yi gaba da su kafin su zauna, tudunsu, wato hawan da kowane sinadari ke yi a zanen sakamako, ya baje ko ya rabe biyu. In busasshen jiƙo ne a hannunka, ka narkar da miligiram 1 a mililita 1, sannan ka sirka zuwa tsakanin miligiram 0.1 da 0.5 a mililita.

Kowane tsiro da halinsa. Ganyen zogale na ɗauke da gulukomoringin, wanda ke bayyana a m/z 570.0957 a caji mara (negatif), amma akwai inzayim a ganyen mai suna mirosines da ke farfasa shi da zarar an daka ganyen cikin ruwan sanyi; shi ya sa ake jiƙa shi da metanol kashi 70 mai zafi kusan digiri 70. Ganye mai kore sosai ko iri mai maiƙo, a fara wanke garinsa da hekzen, amma a ajiye ruwan wankin, don wasu sinadaran da ba sa son ruwa suna tafiya da shi. Kuma in abin da ake so a sani shi ne me mutane ke sha, to a bincika dafaffen ruwan da aka yi yadda suke yi. Abin da metanol ya ciro daban, abin da tukunya ta ciro daban, kuma rahotanni da yawa suna haɗa su kamar abu ɗaya ne.

Kwalaben allura su zama na gilashi masu duhu. Kada a wanke kayan gilashi da sabulun wanke-wanke. A ɗauraye da metanol da tsabtataccen ruwa.

Bututu da ruwan kora

Bututun C18, mai ƙwayoyin da aka lulluɓe da sinadari mai kabon 18 wanda ba ya son ruwa, shi ne mafarin kusan kowane aiki irin wannan. Mai faɗin milimita 2.1, tsawon milimita 100, ƙwayoyi maikromita 1.7 ko 1.8 ya dace da famfo mai matsi mai yawa; in tsohuwar na'urar kiromatogirafi ce, wato HPLC, a nemi mai ƙwayoyi maikromita 2.6 zuwa 3.5. A sa ɗan bututun kariya a gabansa, ya fi arha a sauya. Zafin bututu digiri 40, gudun ruwa mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti, allura maikrolita 1 zuwa 5.

Ruwan kora, wato ruwan da ke tura samfur ta cikin bututu, biyu ne. A: ruwa da asid fomik kashi 0.1. B: asetonitiril da asid fomik kashi 0.1. Dukansu su zama na ajin LC-MS, ba na ajin HPLC kawai ba. Dokar a nan ita ce duk abin da zai shiga na'ura sai ya zama mai iya tashi ya zama tururi. Gishirin fosfat, wanda ake yawan samu a tsofaffin hanyoyin HPLC, ba ya tashi. Yana daskarewa fari fat a bakin na'ura ya toshe ta. Asid TFA yana gyara siffar tudu, amma yana danne sigina, kuma in ya shiga layukan na'ura yakan daɗe bai fita ba, musamman a caji mara. In ana son tsami ya ragu, amoniyam fomet ko amoniyam asetet milimola 5 zuwa 10 ya isa. Ruwan A kada ya wuce kwana biyu zuwa uku a kwalba, kuma kada a ƙara sabo a kan tsoho.

Ga jiƙon da ba a san shi ba, a fara da B kashi 5 na minti 1, a hau a hankali zuwa kashi 95 cikin minti 15 zuwa 18, a tsaya nan minti 3 don wanke bututu, a dawo kashi 5. Zoɓo kuwa yawancin abin da ke cikinsa mai son ruwa ne, zai cunkushe a mintunan farko. Sai a sassauta hawan: daga kashi 5 zuwa 30 cikin minti 15, sannan a haura 95 cikin minti 3. In tudun antosayanin ya fito a baje da jela, a ɗaga asid fomik na ruwan A zuwa kashi 1 ko 2, bayan an duba takardar bututun an ga yana jure wannan tsami.

Matakin da masu gaggawa ke yankewa shi ne daidaita bututu bayan kowace allura. Ruwan da bututu irin wannan ke riƙewa kusan mililita 0.22 ne, ana kuma son ninki 10 nasa ya wuce, wato minti 5 zuwa 6 a gudun 0.4. Ka rage wannan, lokacin fitowar tudun farko-farko ya riƙa yawo daga allura zuwa allura.

A karkatar da ruwan minti na farko zuwa kwalbar shara, domin a nan gishiri da sukari ke fitowa. Sai dai ka sani, asid ɗin da ke ba zoɓo tsaminsa ma a wajejen nan suke fitowa, C18 ba ya riƙe su sosai. Wanda su yake nema sai ya koma bututun HILIC, mai riƙe sinadarai masu son ruwa.

In akwai ma'aunin haske na DAD, a sa shi tsakanin bututu da ma'aunin nauyi, ya ɗauki daga nanomita 200 zuwa 600. Za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Saita ma'aunin nauyi

A yi kowane samfur sau biyu, a caji tabbatacce (fozitif) da caji mara. Alkaloyid da antosayanin sun fi fitowa a na farko. Asid fenol, tanin, saponin da yawancin filabonoyid sun fi tsabta a na biyu. Ƙarfin lantarkin allurar feshi kusan kilobolt 3 zuwa 3.5 a tabbatacce, 2.5 a mara. Zafin iskar naitirojin da yawanta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a fara da abin da littafin na'urar ya bayar ga gudun ruwan da kake amfani da shi. Zangon aunawa m/z 100 zuwa 1500. Sinadaran da ba sa son ruwa sam, irin su siterol da wasu tapin, ESI ba ya kama su da kyau, APCI, wata hanyar ɗora caji, ya fi musu.

Don gano abin da ba a sani ba, sai na'ura mai auna nauyi dalla-dalla, QTOF ko Orbitrap. A daidaita ma'auninta kafin aiki, kuskure ya kasance ƙasa da kashi 5 cikin miliyan. Lissafin mai sauƙi ne: a ce ka auna 597.1462, lissafi ya ba da 597.1450, bambancin 0.0012, a raba da 597.145, a ninka da miliyan, ka samu kusan 2. A saita ta ta zaɓi ayon 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a kowane zagaye ta farfasa su, da ƙarfin karo hawa biyu ko uku, misali eV 20 da 40, sannan ta yi watsi da wanda ta riga ta farfasa na 'yan daƙiƙu don ƙananan su samu shiga.

Jerin allura ya zama haka: kwalbar wofi, wato ruwan narkarwa da ya bi duk matakan shiri ba tare da tsiro ba, sai gaurayen samfur, wanda aka haɗa daga ɗigon kowane samfur, a yi allurarsa sau 5 ko fiye don bututu ya saba, sai samfuran a hargitse, ba bisa rukuni ba, ana maimaita gaurayen bayan kowane 5 zuwa 10. Tudun da girmansa ke sauyawa fiye da kashi 30 cikin 100 a tsakanin allurorin gaurayen, ba abin dogaro ba ne.

Karanta sakamako

Ka fara buɗe kwalbar wofi. Duk abin da ke cikinta ba na tsironka ba ne. Baƙin da aka saba gani: 391.2843, 279.1591 da 149.0233 daga sinadaran tausasa roba, 338.3417, erukamid, daga kayan roba. Jerin tudu masu tazarar 44.026 tsakaninsu, PEG ne daga sabulu ko man shafawa. Masu tazarar 74.019 daga silikon. An sha buga waɗannan a rahoto a matsayin sinadaran tsiro.

Na biyu, ka gane wane irin ayon kake kallo. Sinadari ɗaya yakan fito da riguna da yawa. A caji tabbatacce, [M+H]+, wato sinadarin (M) da ya ɗauko haidirojin, ya ɗara nauyin asali da 1.0073, [M+NH4]+ da 18.0338, [M+Na]+ da 22.9892, [M+K]+ da 38.9632. Don haka in ka ga ayon biyu a lokacin fitowa ɗaya da tazarar 21.982, sinadari ɗaya ne, ɗaya da haidirojin ɗaya da sodiyam. A caji mara, [M−H]− ya gaza da 1.0073, wanda ya ɗauko fomet kuma ya ɗara da 44.9982. Azadiraktin na darbejiya, C35H44O16, nauyinsa 720.2629, amma yawanci a 743.2522 za ka gan shi, da sodiyam. Ka ɗauki 743 a matsayin [M+H]+, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace. Masu ɗauke da sodiyam kuma ba sa farfashewa da kyau, in akwai wata rigar ita za ka zaɓa.

Na uku, ka dubi 'yan tudun aisotof da ke bin babban. Na gaba da shi, mai ƙarin 1.003, tsayinsa kusan kashi 1.1 ne ga kowane kabon: sinadari mai kabon 26 zai ba da kusan kashi 28 zuwa 29. Kulorin yana ba da tudu mai ƙarin 2 da rabon 3 da 1, buromin 1 da 1. In tazarar 0.5 ce, caji biyu ne a kan ayon ɗin.

Sai gutsattsari. Abin da ya ɓalle ya tafi shi ke faɗin labari: 162.053 sukari mai kabon shida irin gulukos, 146.058 ramnos, 132.042 mai kabon biyar irin zailos, 176.032 asid gulukuronik, 18.011 ruwa, 43.990 iskar kabon dayoksaid. In sukarin a jikin kabon yake ɗaure, ba ya cirewa ɗungum, sai ya tsage ta tsakiya, ka ga asarar 120.042 da 90.032.

Yanzu ga zoɓo. A caji tabbatacce manyan tudu biyu za su fito da wuri: 597.1450 da 581.1501. Na farko ya farfashe ya bar 303.0499, na biyu 287.0550, kowanne ya yar da 294.095, wato zailos da gulukos a haɗe. Su ne delfinidin-3-sambubiyosaid da sayanidin-3-sambubiyosaid, masu ba zoɓo jansa. Lura cewa antosayanin da cajinsa yake zuwa, M+ ne, ba a cire masa 1.0073.

Tarkon shi ne akwai wani tudu daga baya mai 597.1450 shi ma, mai ba da 303.0499 shi ma. Kwasetin-3-sambubiyosaid ne, kuma a matsayin [M+H]+ tsarin atom ɗinsa C26H29O16 ne, daidai da na delfinidin ɗin. Duk tsadar na'ura ba za ta raba su da nauyi ba, don nauyin ɗaya ne. Haske ne ke raba su: antosayanin yana shan haske wajen nanomita 520, na kwasetin wajen 355. Lokacin fitowa ma shaida ne, na delfinidin ke rigaya. A caji mara kuma antosayanin yakan nuna 595.13 tare da 613.14 mai ƙarin ruwa, na kwasetin 595.13 kawai. Manhajar da ka ba 597.1450 za ta miƙo maka suna ɗaya a sama, ba tare da ta san launin abin ba.

Irin wannan tagwaitaka ta cika tsirrai. A 353.0878 na caji mara za ka ga tudu uku a zoɓo, dukansu masu shan haske wajen nanomita 325. Asid kulorojenik yana ba da 191.056 kusan shi kaɗai. Niyokulorojenik, wanda ke fara fitowa, yana ba da 191 tare da 179.035 mai ƙarfi; kiriftokulorojenik babban gutsurensa 173.045 ne. Kamferol da lutiyolin duka 285.0405 ne. Asarar 162 ba ta faɗa maka gulukos ne ko galaktos, shi ya sa 463.0882 zai iya zama ɗayan sinadarai biyu na kwasetin. Akwai kuma farfashewa a bakin na'ura: in ka ga 303 a lokaci ɗaya da 597, gutsurensa ne, ba kwasetin mai zaman kansa ba, wanda shi sai can baya yake fitowa.

Manhajoji na kyauta suna rage wahala ƙwarai. A mayar da fayil zuwa mzML da msConvert, a tsamo tudu da MZmine ko MS-DIAL, a gwada gutsattsari da rumbunan MassBank da GNPS, a nemi tsarin atom da SIRIUS. GNPS na haɗa sinadarai masu gutsattsari iri ɗaya cikin dangi, ta yadda gane ɗaya kan buɗe maƙwabtansa. LOTUS da COCONUT suna nuna ko an taɓa samun sinadarin a wannan tsiro ko danginsa. Sunan da manhaja ta kawo, in maganin asibiti ne ko sinadarin halittar teku a cikin ganyen daji, ka koma ka sake dubawa.

A rahoto ka faɗi matakin tabbacinka, bisa hawa huɗun da masana fannin suka tsara a 2007. Hawa na 1: an yi allurar tsantsar sinadarin a na'ura ɗaya da hanya ɗaya, lokacin fitowa da gutsattsari sun dace. Na 2: ya dace da rumbu, babu tsantsa. Na 3: dangin kawai aka gane. Na 4: ba a san shi ba. Sabon sinadari kuwa sai an ware shi an kai shi NMR, na'urar da ke nuna yadda atom ɗinsa suka haɗu.

Auna yawa, da abin da ke lalacewa

Girman tudu ba yawan sinadari ba ne. Alkaloyid kaɗan zai iya yin tudu ya fi na tapin mai ninkinsa ɗari, don ɗaya na karɓar caji cikin sauƙi. Saboda haka teburin “kashi cikin ɗari” da aka ciro daga faɗin tudu ba ya nufin komai. Auna yawa na buƙatar tsantsar sinadarin, a yi masa hawa 6 zuwa 8 na sirki, a zana layin ma'auni, a kuma sa sinadarin shaida mai yawa ɗaya a kowane samfur tun kafin jiƙawa. Nau'in ma'aunin nauyi da ake kira mai kwadurufol uku ya fi dacewa da wannan. Sannan a gwada dannewar ayon: a zuba tsantsa daidai wa daida a ruwan narkarwa da cikin jiƙo, a kwatanta. In na cikin jiƙo ya ragu fiye da kashi 20, wasu sinadarai ne ke fitowa tare da shi suna ƙwace cajin. A ƙara sirkawa, ko a sassauta hawan ruwan kora, ko a tsabtace samfur da ƙaramin bututun SPE.

Matsi ya hau: bututun kariya ko matatar layi ta toshe, galibi daga samfurin da ba a tace ba. Matsi na rawa: kumfar iska ce a famfo, a zuƙe layukan. Sigina ta faɗi a hankali cikin jerin allura: bakin na'ura ya yi datti, a goge shi da ruwa da metanol rabi da rabi. Tudun samfur ya bayyana a kwalbar wofin da ta biyo shi: allura ba ta wanku ba, a ƙarfafa ruwan wankinta da aisofurofanol.

Cikin ma'aunin nauyi babu iska, famfo ne ke zuƙe ta dare da rana. In wuta ta ɗauke ba zato, famfon mai gudun tsiya zai iya lalacewa, kuma ko bai lalace ba, sai an jira awa 12 zuwa 24 kafin na'urar ta daidaita, a sake saita ma'auninta. Don haka a inda wuta ba ta da tabbas, batirin UPS mai iya riƙe na'urar da injin naitirojin har janareta ya tashi yana cikin kuɗin sayen na'urar. Ɗakin ya tsaya a zafi ɗaya tsakanin digiri 20 da 25, domin sauyin zafi yana karkatar da ma'aunin QTOF, kuma a lokacin hunturu a riƙa duba matatun iska saboda ƙura. Wanda zai aika samfur wani ɗakin gwaji ya aika busasshen jiƙo a kwalba mai duhu tare da kwalbar wofinsa, ya kuma nemi a dawo masa da ainihin fayilolin na'ura na caji biyun, da na DAD, da cikakken bayanin bututu da ruwan kora da aka yi amfani da su.